Aikin Gidan da Ya Kai Ni Sakkwato

Litinin: Zariya zuwa Gusau

Na bar gida ƙarfe biyar saura kwata na asuba, da akwatin ƙarfe ɗaya da jakar takardu. Shekara uku ke nan da na ajiye aikin duba makarantu, amma da kuɗin mai ya shigo, gwamnatin soja ta shiga gina makarantu ta ko'ina, masu dubawa suka yi ƙaranci, aka koma kiran tsofaffi irina.

Aikin wannan tafiya ɗaya ne tak. An kai ƙarar wani malamin tarihi a wata sakandaren maza da ke Sakkwato, baƙar fata ne ɗan Amirka, ana ce da shi Mista Hamiltan. Takardar ƙarar ta ce yana haddasa husuma tsakanin ɗalibai. Wa'adin aikinsa na shekara biyu ya kusa cika, kuma an gaya mini a fili cewa abin da na rubuta shi zai sa a ƙara masa wa'adi ko a sallame shi ya koma ƙasarsu. An zaɓe ni ne domin ba ni da dangi ko suruki a Sakkwato.

A tasha na sami ƙaramar mota mai cin mutum bakwai, naira biyar har Sakkwato. Direban, wani Mamman, ya ce ƙarfe biyar za a tashi. Da shida ta wuce na nuna masa agogona. Ya ce, "Baba, agogonka na Turawa ne, motata kuwa ta Hausawa ce, sai ta cika." Mun tashi shida da minti ashirin.

Mun isa Funtuwa, mil arba'in da takwas, takwas saura minti goma, na karya da koko da ƙosai na kwabo goma. Hanya cike take da manyan motoci masu dakon siminti, kowanne direba yana tuƙi kamar ubansa ne ya shimfiɗa kwaltar. Kafin Tsafe sojoji suka tsayar da mu. Wani matashi a cikinsu ya buɗe jakata, ya tambayi aikina. Da na gaya masa sai ya ƙame, ya ce malaminsa na firamare ma haka fuskarsa take. Na ce masa maɓallin aljihunsa a buɗe yake. Ya ɓalla shi, ya ɗaga mana shinge.

Mun shiga Gusau goma da minti talatin da biyar, muka tarar babu mai. Ƙasar da ake haƙo shi ke nan. Mamman ya bi layi tun daga nan, bai samu ba sai dab da magariba, ni kuwa ba na tafiyar dare. Na kwana a wani gidan baƙi kusa da tashar jirgin ƙasa, naira biyu. Ɗakin da tsabta, amma ba a goge zanen gado ba.

Talata: Gusau zuwa Sakkwato

Mun tashi bakwai daidai. Tsakanin Gusau da Sakkwato kimanin mil ɗari da talatin ne. A Talatar Mafara kasuwa na ci, muka tsaya minti ashirin aka sha fura da nono. Mun shiga Sakkwato sha biyu da minti goma, rana kamar ta tsaga kai.

Na sauka a unguwar Gawon Nama, gidan shugaban makarantar, Malam Garba, wanda na koyar a aji huɗu tun bai iya ɗaura ɗamara ba. Yanzu har da furfura, amma sai da ya durƙusa ya gaishe ni. Bayan mun ci tuwon shinkafa da miyar kuka, na ce ya ba ni labarin daga tushe, kada ya saka ra'ayinsa.

Ya ce darasin cinikin bayi yana cikin manhajar aji huɗu, kuma malamai uku suka koyar da shi a gabansa. Na farko Bature ne ɗan Ingila. A ajinsa darasin kamar ranar biki yake: yara su tasa shi gaba da "kakanninka ne", fuskarsa ta yi ja, ya amsa laifi, a yi dariya a tashi. Na biyu Ba'indiye ne, shi ya cika allo da rubutu, a kwafa, ba mai tambaya. Sai wannan. Ran da ya fara darasin ya ajiye littafi ya ce musu shi kansa jikan bayi ne, kakar kakarsa an sayar da ita a kasuwa.

Malam Garba ya ce da ma yaran sun rasa inda za su ajiye shi: fata irin tamu, harshe na Turawa, har suna kiransa Baƙin Bature. Bayan wannan magana wasu suka daina miƙewa in ya shigo. Wasu kuma suka riƙa bin sa har gidansa, a sababbin gidajen ma'aikata na wajen Arkilla, da tambayoyi. Ana haka ya ba su aikin gida: kowa ya tambayi manyansa sunayen kakanninsa da garuruwansu iyakar inda aka sani, ya rubuta, za a karanta a gaban aji. Mako bai zagayo ba aka yi dambe a ɗakin kwana, sai ga takardar ƙara daga Alhaji Ladan, wani babban mai hatsi a Ƙofar Taramniya, wanda ɗansa Nasiru ke ajin.

Na tambayi Malam Garba ko akwai wanda ya zauna da malamin ya yi masa bayani kafin a kai ga haka. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, ta ina zan faro?"

Laraba da safe: a makaranta

Na isa bakwai da rabi. Mista Hamiltan dogo ne, bai fi shekara talatin ba, ya zo a kan keke, sanye da rigar saƙi da ya saya a kasuwa. Ya gaishe ni da Hausa, ya ce "ina kwana" daidai, daga nan ta ƙare muka koma Turanci.

Na bi aikinsa kamar yadda nake bin na kowa. Shirin darasinsa ba kwanan wata. Rubutunsa a allo yana gangarowa kamar akuya daga tudu. Yana zama a kan tebur, abin da a makarantar mishan da na yi zai jawo wa malami takardar gargaɗi. Amma ya san tarihi, kuma a minti arba'in ban ga wanda ya yi gyangyaɗi ba.

Da aka fita hutun tara na karɓi littattafan aikin gida, talatin da huɗu. Na Nasiru ya cika shafi biyu, kakanni bakwai, har da wanda aka ce ya yi zamani da masu jihadi. Wasu huɗu, wasu biyar. Sai na zo kan na wani Altine. Rubutu mai kyau, layi a miƙe. Sunan ubansa, sunan kakansa Nasamu, daga nan fari fat. A ƙasa malamin ya rubuta da jan biro cewa aikin bai cika ba, ya koma ya sake tambaya. Ya ba shi huɗu cikin goma. A shafi na gaba yaron ya sake kwafe sunayen nan biyu, malamin ya sake rubuta masa haka.

Na rufe littafin. Duk wanda ya girma a ƙasar nan a zamanina ya san irin wannan suna. Nasamu, Nagode, Arziki: ba uwa ke raɗa su ba, ubangida ne ke sa wa yaron da ya saya.

Na kira malamin ƙarƙashin wata bishiyar dogon yaro, na nuna masa shafin, na tambaye shi abin da ya fahimta. Ya ce yaron haziƙi ne amma ya yi kasala. Ya ce shi da zai san sunan gari ɗaya da aka ɗauko kakanninsa, da ya je can ko da rarrafe, su kuwa ga tsofaffi a gida ba za su tambaya ba. Ya faɗi haka ne da zafi, kuma na ga ba fushi ba ne, kwaɗayi ne irin na mai yunwa da ya ga ana wasa da tuwo.

Na yi masa bayanin sunan. Sannan ya ce a ƙasarsu fata ce ke faɗa, ba mai iya ɓoyewa, don haka sun koyi faɗa da bakinsu kafin a faɗa musu. Bai taɓa kawowa a ransa ba cewa a aji guda, duka baƙaƙe, akwai jikan mai saye da jikan wanda aka saya a kan benci ɗaya.

A nan na gaya masa abin da ban taɓa gaya wa abokin aiki ba. Uwata tana yarinya sojojin Turawa suka tare ayarin masu fataucin bayi da ke tafe da ita, aka kai ta gidan da ake tara yaran da aka 'yanta, daga can aka miƙa ta ga mishan. Su suka sa mata suna Rahila. Ba ta san garinsu ba, abin da ta riƙe kawai akwai dutse a bayan gidansu da rafi a gindinsa. Na ce da ni ne a ajinsa, ta wajen uwa layi ɗaya zan rubuta, kuma da ya ba ni ƙasa da huɗu.

Ya ce, "Malam, me ya sa ba wanda ya gaya mini?"

Na ce, "Domin ba ma faɗa. Ni ma yau na fara."

Laraba da la'asar: Ƙofar Taramniya

Na yanke shawarar mu je wa mai ƙara tare. Malam Garba ya kai mu a motarsa, muka isa huɗu da rabi. Zauren Alhaji Ladan cike da buhunan gero da dawa, amma an share tsakiya an shimfiɗa tabarma. Dattijo ne mai sanyin murya. Ya sa aka kawo ruwa da goro, ya sallami masu awo, ya rage mu huɗu. Ni ne tafinta, kuma tun farko na gaya wa kowannensu cewa ba na ƙari, ba na ragi.

Na ɗauka zai yi maganar ɗansa. Sai ya ce, da harshensu na Sakkwatawa, "Malam, ba don Nasiru nika wanga zance ba. Shi mi ad damuwatai? Don Altine ne."

Ya ce kakansa ne ya sayi Nasamu yana ɗan yaro. Uban Alhajin ne ya 'yanta shi, ya ba shi gona da ɗaki a bayan gida. Shi da uban Altine akushi ɗaya suka ci, har yau yaya yake kiransa, kuma in ka tambayi yaran unguwa za su ce maka 'yan gida ɗaya ne. Shekaru aka yi ana lulluɓe wannan abu, kowa na jan bakin zanen daga gefensa, sai ga baƙo ya ce a tsaya gaban aji a yaye. Ya ce damben da aka yi, wani ne ya leƙa littafin Altine ya yi masa waƙa da sunan kakansa, Nasiru ya fasa masa baki.

Na fassara. Mista Hamiltan ya ba da haƙuri ba tare da kwana-kwana ba, ya ce ya janye aikin. Sannan ya tambaya ko Altine ya san asalinsa.

Alhaji ya ce, "Ya sani. Kowa ya sani. Ba a dai hwaɗi."

Daga nan fuskarsa ta saki. Ya ce baƙo ko da ido makaho ne, bai riƙe shi a zuciya ba. Ya tambaya ko da gaske malamin bai san garinsu ba, aka ce da gaske. Abin ya taɓa shi ƙwarai. Ya ce to daga yau in an tambayi malamin, ya ce shi ɗan Ƙofar Taramniya ne, gidan Alhaji Ladan, ya ba shi sunan gidansa.

A wurinmu babu karamcin da ya wuce wannan, kuma da zuciya ɗaya ya yi shi. Na fassara. Malamin ya yi godiya, sannan ya ce in gaya masa cewa Hamiltan ɗin nan ma sunan gidan da ya mallaki kakanninsa ne. An taɓa ba su sunan gida sau ɗaya, yana ɗauke da shi har yau, ba zai iya ɗaukar na biyu ba.

Malam Garba ya taɓa ni da gwiwa. Na san nufinsa: in ce ya gode, in tsaya nan. Aikin mutumin yana rataye a kan wannan jimla, kuma da na sassauta ba mai kama ni. Amma na riga na yi alkawari a gabansu, kuma na ga in na gyara masa magana, na mai da shi yaro. Na faɗa kamar yadda ya faɗa.

Alhaji ya juya goron da ke hannunsa. Can ya ce, "Ashe abin ga shina da zahi haka." Sannan ya ce zai aika a janye takardarsa, da sharaɗi ɗaya: malamin ya faɗi nasa yadda ya ga dama, tunda nasa ne, amma kada ya sake sa ɗan kowa ya faɗi nasa. Da za mu tafi ya sa aka saka masa ƙwaryar shinkafa a mota, ya ce wannan kam ba suna ba ne, yana iya ɗauka.

Alhamis: aji huɗu

Na koma na zauna a bayan aji, darasi na biyu, tara saura minti ashirin. Mista Hamiltan ya ce musu ya soke aikin gida da makinsa duka, kuskurensa ne, ba na kowa ba. Bai dubi inda Altine yake ba, na kuwa yaba masa da wannan. Ya ce a maimakon haka, yau kowa na iya tambayarsa abin da ya so game da shi da mutanensa.

Da farko tambayoyin na yara ne: ko suna cin tuwo, ko gaskiya ne akwai inda aka hana baƙi shan ruwa a famfo ɗaya da farare. Ya ce gaskiya ne, shi ma ya sha a na baƙi yana yaro. Wani ya tambaya to me ya sa bai zama Musulmi ba tun da ya dawo gida, aka yi dariya. Sai wani daga layin gaba ya miƙe, cikin ladabi, ya ce, "Malam, ba ka jin kunyar faɗin cewa kai jikan bawa ne?"

Ya ce, "A'a. Kakata ba ta yi abin kunya ba. Kunya tana ga wanda ya sayar da wanda ya saya."

Na san maganar ta sauka a kan rabin ajin. Na ga Nasiru ya kafa ido a kan tebur. Malamin ma ya gani, ya ƙara da cewa waɗancan duk sun mutu, ba kuwa wanda ke ajin nan da ya sayi kowa ko aka saye shi, abin da kowa zai amsa shi ne yadda ya riƙe na kusa da shi. Aka buga ƙararrawa. Da zai fita duka suka miƙe, ban ga wanda ya zauna ba.

Na yi tunanin wannan magana a hanyar komawa masauki. Da Baturen nan ne ya faɗe ta, da sun ce yana neman abokan laifi ne. Da Ba'indiyen ne, da sun ce ina ruwansa. Da ni ne, da kafin azahar an bincika ɗan wace ce ni. Shi kaɗai ne zai faɗa a saurara, kuma shi kaɗai ne za a iya kora a kanta. Malam Garba ya roƙe ni kada in sa ta a rahoto. Na ce zan sa, da tambayar da ta jawo ta, da abin da ya biyo baya, domin in wani ya kai ta gaba guntu-guntu, gara a tarar da cikakkiyarta a hannuna.

Da yamma na rubuta shafi huɗu. Na lissafa kurakuransa: rashin kwanan wata, rubutun allo, zama kan tebur, da aikin gidan da ya bayar ba tare da ya nemi shawara ba. Na rubuta cewa makaranta ma da nata, tunda ta miƙa wa baƙo alli ba ta gaya masa su wane ne a gabansa ba. A ƙarshe na ba da shawarar a riƙe shi.

Juma'a: komawa gida

Malam Garba ya kai ni tasha biyar da rabi, mota ta tashi shida da minti biyar. Wannan karon an sami mai a Gusau ba wahala. Mun ci shinkafa da wake a Funtuwa, kwabo talatin, wake bai nuna ba. Shingen soja uku muka wuce, ba a buɗe jakar kowa ba. Na shiga gida uku da minti arba'in na yamma. Uwargida ta kawo ruwa ta tambayi yadda na baro Sakkwato, na ce da zafi.

Bayan mako shida wasiƙa ta zo daga ma'aikatar ilimi. Na sami kuskuren rubutu uku a cikinta, na ja musu layi. Amma jimlar da nake nema daidai take: an ƙara wa Mista Hamiltan shekara biyu.

Ina gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Ina gode wa Malam Garba da iyalinsa saboda masauki, da Mamman direba duk da agogonsa. Godiya ta musamman ga Alhaji Ladan, wanda aka mayar wa da kyautarsa a cikin zaurensa, a gaban baƙi, bai fasa cika alkawarinsa ba.